Tagulla Ce, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Issufu mai gyaran agogo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ladabi irin wadda ɗiya ke yi wa mahaifinta, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa, ina sanar da kai cewa ina lafiya. Inna ma lafiya, mun yi waya shekaranjiya, ciwon gwiwar nan ne dai bai bar ta ba. Yau shekara uku da wata biyu ke nan da rasuwarka. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, na kuma san wasu ne za su karanta ta. Duk da haka kai nake rubuta wa, domin akwai magana tsakanina da kai tun daminar 2016, ban faɗe ta kana raye ba.

Bari in fara da labarin da za ka so ji. Na gama karatu. Na karɓi mastar ɗina, wato digiri na biyu, a fannin tarihi da ajiyar takardu, a jami'ar da ke Saint-Denis. Na kuma samu aiki a Lyon, a wani kulob na masu tseren kwale-kwale. Suna shirin bikin tunawa da kafuwarsu, suna neman wanda zai tsara musu tarihin wasan a alluna. Kontirar, wato yarjejeniyar aikin, ta fara da wata uku na gwaji, kuma takardar zamana a ƙasar nan a kanta ta dogara. Na san za ka yi dariya. Ɗiyar Damagaram, wadda ta tashi tana tsaron layin jarka a bakin pampon da ba ya kawo ruwa, ita ce ke rubuta wa Turawa tarihin kogi.

Ga yadda wasan yake. Ana samun ruwa mai gudu da ƙarfi tsakanin duwatsu, inda yake tafasa ya yi fari fat. Sai a ja waya daga wannan gaɓa zuwa waccan, a rataya sanduna biyu-biyu suna lilo bisa ruwan. Kowane sanduna biyu ƙofa ce. Ƙofofin ba su kasa goma sha takwas, ba su wuce ashirin da biyar. Mutum zai shiga ɗan ƙaramin jirgi ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Koraye ana shigarsu da gangarar ruwa. Jajaye kuwa sai mutum ya wuce su, ya juyo, ya hauro ruwan da ƙarfin damtse. Wani a zaune yake tuƙi da filafili mai baki biyu, wani a durƙushe da mai baki ɗaya, kowanne da gasarsa.

Abin da zai burge ka shi ne yadda ake fitar da lokaci. Agogo yana faɗin abin da mutum ya yi daga sama zuwa ƙasa, amma wannan bai zama lokacinsa ba tukuna. A bakin gaɓa akwai alƙalai, kowanne da ƙofofin da yake tsaro. In jirgi ko filafili ko jikin mutum ya taɓa sanda, a ƙara masa sakan biyu. In ya tsallake ƙofa ɗungurungum, a ƙara hamsin. Sai an haɗa takardun alƙalai da abin da agogo ya ce sannan a san wanda ya ci. Ka riƙe wannan, Baba, don a kansa maganata ta rataya.

A ƙasar Suis, maƙwabciyar Faransa, aka fara shi, farkon shekarun 1930. Daga masu gudu kan ƙanƙara aka kwaikwayo shi, waɗanda ke zagaye sanduna a gangaren dutse. Jiragen farko na katako ne da tamfol, ana naɗe su a zuba a buhu a hau jirgin ƙasa da su. Gasar duniya ta farko a Geneva aka yi ta, a 1949. Wasan ya shiga Olamfik a 1972, a Jamus, cikin wani kogi da aka gina da siminti. Jamus ta Gabas ce ta kwashe zinariya huɗun duka, don sun riga sun gina irin kogin a gida sun yi ta atisaye a ciki. Daga nan aka ajiye wasan shekara ashirin, sai a 1992 ya dawo.

Faransa ba ta samu komai ba a 1972. Daga 1992 zuwa bara ta tara lambobi ashirin: zinariya takwas, azurfa biyar, tagulla bakwai. Sau huɗu na ƙirga. A Tokyo ne kaɗai ta koma gida hannu wofi. Biyu daga cikin na ƙarshen na gan su da idona bara, a gabashin Paris, ina cikin masu aikin sa kai da ke nuna wa mutane kujerunsu. A can na fara sanin wasan.

Mu kuwa Nijar, a duk wasannin Olamfik, biyu muke da su. Ka san su. Ta farkon ta dambe ce, a wannan shekarar ta 1972, a wannan Jamus ɗin. Ranar da na zo rubuta shekarar a allo, sai da na ajiye alƙalami na fita waje.

Ka tuna ranar. Watan Agusta ne, washegarin da ɗan ƙasarmu ya ci azurfa a taikwando. An yi ruwa da hantsi, ƙofar gida ta jiƙe, sai aka shimfiɗa tabarmi a zaure. Bayan la'asar abokanka suka cika shi. Inna ta aiko ni da tiren shayi. Ina da shekara goma sha shida, ga sabuwar salula a hannuna wadda ko wanka ba na so in rabu da ita.

Na iske ka gyara zama, ka ture hula baya, kana cewa: "Wannan ai ta biyu ce. Ta farkon da kunnena na ji ta ina saurayi, ranar da ɗan dambenmu ya ci zinariya a Jamus. Ku tsaya ku ji yadda aka yi na ji ta."

Ban tsaya ba. Ko tiren ban ajiye ba na ce: "Tagulla ce, Baba." Na latsa salula na miƙa maka a gaban mutane.

Alhaji Mamman mahauci ya buga cinya ya ce: "To Malam, yau agogonka ya yi latti, ɗiya ta saita maka shi!" Zaure ya ɗauki dariya. Kai ba ka yi ba. Ka sa tabarau, ka karanta abin da ke cikin salular har ƙarshe, ka miƙo mini, ka ce: "Haka ne. Tagulla ce. Ajiye tiren ki koma ciki."

Ba ka yi mini faɗa ba, ranar ko bayanta. Ni kuwa na koma ciki ina jin na yi abin kirki. Ai kai ka koya mini. Kai ne kake cewa agogon da ya yi saurin minti biyu maƙaryaci ne, komai kyan fuskarsa. Sai da aka ɗauki shekaru na lura cewa ban sake jin ka ɗauko labarin nan ba, ko sau ɗaya, har na tafi Faransa, har ka rasu.

Yanzu in dawo Lyon.

A kulob ɗin akwai wani dattijo mai shekara tamanin da uku. Zan kira shi Mushe Lucien, ko da yake ba sunansa ba ne, kuma ba zan faɗi gasar ko shekarar ba, tunda akwai masu karanta takardar nan. Shi ya koya wa kusan kowa tuƙi a wurin. Sama da kantar da ake shan kofi, an rataye wata tsohuwar jarida cikin gilashi, da hotonsa yana saurayi, an rubuta cewa ɗan garin ya zo na uku a wata babbar gasa ta ƙasashe. Al'adarsu ce duk mai zuwa tsere ya taɓa kusurwar katakon da ke zagaye da gilashin kafin ya fita, har fentin wurin ya goge. Lambar kanta ba wanda ya taɓa ganinta. An ce ambaliya ta tafi da ita tare da tsohon ɗakin kulob.

Babban allon da aka sa ni tsarawa shi ne jerin lambobin da Faransa ta ci a manyan gasanni, shekara bayan shekara. Shugabar kulob, Madam Odile, ta ce layin Mushe Lucien da ruwan zinariya za a rubuta shi, kuma shi zai yaye ƙyallen allon ranar biki. Ni kuwa ƙa'idata ita ce ba na rubuta layi sai da hujja biyu. Kowane layi na samu biyu, wasu ma uku. Nasa jaridar nan ce kaɗai.

Na gaya wa Madam Odile. Ta ce: "Fassuma, wannan kowa ya san shi. Kakata ma ta san shi. Rubuta kawai." Na roƙe ta kwana ɗaya in je Paris in duba ɗakin ajiyar tsofaffin takardu. Ta ɗaga kafaɗa ta ce in je.

A kwali na uku na same ta. Takarda ce ta hukuma, an buga ta da tafireta, da sa hannun babban alƙali a ƙasa. Layuka uku ne a tsaye: lokacin agogo, ƙarin alƙalai, jimla. A lokacin agogo, shi ne na uku. A layin tsakiya akwai ƙari, na taɓa sanda, kuma a zamaninsu ƙarin ya fi na yanzu nauyi ƙwarai. A jimla ya koma na shida. Na bi layin da yatsa sau uku. Na duba ko akwai wani mai irin sunansa. Babu. Na ɗauki hoton takardar, na je na wanke fuskata da ruwan sanyi. Saura kwana goma sha tara biki.

Cikin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a tsaye, mutane sun matse ni ta ko'ina, na fara rubuta saƙo zuwa ga duk ƴan kwamitin kulob, mutum goma sha ɗaya, da hoton takardar a manne. Na tsara shi tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Abin da ya hana ni aikawa kawai shi ne babu rezo, waya ba ta kamawa a ƙarƙashin ƙasa.

Wurin Gwaggo Zuwaira na sauka, ƙanwarka. Tana nan a hawa na tara a Saint-Denis, ta bar aikin kantin lakwal, inda ake ba ƴan makaranta abinci, yanzu jikoki take reno. Na iske ta tana tuƙa tuwo kafin magariba. Na zauna a kicin na zayyana mata komai, har na nuna mata saƙon. Ta saurara ba ta daina tuƙi ba, sannan ta ɗaga muciya ta nuna ni da ita.

"Ke kam ba ki canza ba. Takarda, takarda! Tsoho ɗan shekara tamanin za ki tara wa mutum goma sha ɗaya, kamar an kama ɓarawon akuya?"

Na ce: "Gwaggo, amma ba gaskiya ba ce ke jikin bangon."

"Na ce ki yi ƙarya? Kin ji na ce ki yi ƙarya? Bon. Zauna da kyau. Ranar da kika yi wa yayana haka, ina cikin gida, na zo hutu. Kin san ƙarshen labarin da kika katse masa?"

Ban sani ba, Baba. Shekara tara ban taɓa tunanin yana da ƙarshe ba. Na ɗauka labarin lamba ne, na kuma gyara lambar, shi ke nan.

Ga abin da ta gaya mini. Kana da shekara goma sha bakwai. Wani mushen lakwal, malamin makaranta da aka canza wa gari, ya bar rediyonsa a unguwa don ta mutu, kai ka ɗauko ta. Wata biyu kana kwance ta kana ɗaurawa a bayan rumbu, Kaka yana faɗa cewa an bar shi da noma kai kana wasa da gawar akwati. Ran nan ka ɗora ƙusa a garwashin girki har ta yi ja, ka liƙe wata waya da ita. Rediyo ta yi tari, ta yi tari, sai ta yi magana. Kuma maganar farko da ta fito daga cikinta ita ce ɗan Nijar ya ci lamba a Jamus. Gwaggo ta ce unguwa duka ta taru a tsakar gidanku, mata har da guɗa, rabi don ɗan dambe, rabi don akwatin da ya tashi.

"Mu lokacin wa ya san lambobin nan kala uku ne?" in ji ta. "Duk abin da aka rataya wa mutum a wuya zinariya muke ce masa. Babanmu bai taɓa yaba masa a kan komai ba. Amma ranar kasuwa ya kama hannunsa, ya kai shi rumfar mai gyaran agogo, ya ce ga yaro nan, hannunsa na da albarka. Labarin ke nan da yake son ba abokansa. Na rediyo ne. Ke kika tsaya a kan ƙarfe."

Ta juya ta ci gaba da kwashe tuwo. Ni kuma na goge saƙon, kalma bayan kalma. Da zan tafi da safe ta cusa mini ƙullin dabino a jaka ta ce: "Ba a zuwa wurin tsoho hannu wofi. Ki gaishe shi irin gaisuwar gida. Kuma ki rufe bakin nan sai ya kai aya."

Mushe Lucien yana zaune a wani ƙauye a bakin kogin Rhône, kudu da Lyon. Na je da hantsi ranar Laraba. Na same shi a garejinsa yana goge wani filafilin katako, wurin duk ƙamshin fenti. Takardar tana cikin jakata, na yi wa kaina alkawari ba zan fito da ita ba sai ya nema. Na gaishe shi. Na tambayi lafiyarsa, da gwiwarsa, da sanyi, da ƴaƴansa, da jikoki, da gajiyar aiki. Ya ajiye filafilin ya dube ni ta saman tabarau ya ce: "Yarinya, ko jandarmomi ba su taɓa yi mini tambayoyi haka ba." Na ba shi dabinon. Na ce ina so ya ba ni labarin tseren nan, daga sama har ƙasa, ƙofa bayan ƙofa.

Ya yi minti arba'in yana magana. Na sani don agogonka ne a hannuna. Ya faɗi yadda suka yi kwana biyu a jirgin ƙasa, da sanyin ruwan da ke saukowa daga ƙanƙarar duwatsu, da rigar ulun da mahaifiyarsa ta saƙa masa wadda ta sha ruwa ta yi nauyin buhun gero. Sau biyu ya yi kuskure, ɗaya a kan yawan ƙofofi, ɗaya a kan ƙasar wanda ya zo na biyu. Sau biyun gyaran ya zo mini har bakin haƙora. Na danne harshena, Baba, har sai da na ji ɗanɗanon jini.

Ya bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, hannunsa na tuƙi cikin iska. Da ya iso ta goma sha ɗaya, wadda ake hauro ruwa a shiga, sai hannun ya tsaya.

Ya ce: "Odile ta ce kin je Paris."

Na ce na je.

"Kin ga takardar."

Na ce na gani.

Sannan ya naɗe hannun rigarsa na hagu ya dafa gwiwar hannunsa. "Nan ne. Har yau ina jin sanyin sandar a nan."

Shi ya ba ni sauran da kansa. A lokacin ba kamar yanzu ba ne da ƙari ke fitowa nan take. Sai an gama tsere wani ya bi gaɓa a kan keke yana karɓar takardun alƙalai. Ɗan jaridar garinsu bai san wasan ba. Ya ga lokacin agogo an rubuta da alli, ya ga ɗan garinsu na uku, ya ruga gidan waya don labari ya shiga bugun gobe. Kafin mai keke ya iso, labari ya riga ya tafi. Da Mushe Lucien ya sauka a tashar garinsu kwana biyu bayan haka, ya iske jama'a da masu busa. A gabansu mahaifinsa ne, maƙeri, wanda ya sha gaya masa cewa wasan ruwa aikin marasa aiki ne. Yana riƙe da jaridar, yana kuka.

"Na ce zan gaya masa gobe," in ji shi. "Goben ta kai shekara goma sha ɗaya, ya mutu. Bayan nan kuma wa zan gaya wa? Ban taɓa cewa na ci ba. Ban dai taɓa cewa ban ci ba."

Sai kuma ransa ya ɓaci. Ya miƙe tsaye. "To yanzu me kike so? In sha kunya a gaban jikokina don allonki ya fita tsaf?"

Na faɗi abin da na shirya tun cikin jirgi. Na ce: "Mushe, ba zan rubuta tagulla ba, hannuna ba zai iya ba. Amma ba wanda zai ji daga bakina kafin ya ji daga naka. In ka zaɓi shiru, zan ce wa Madam Odile ban samu hujja biyu ba, in bar layin. Abin da zai same ni ya same ni."

Ya nuna mini ƙofa. Dabinon dai bai mayar mini ba.

Kwana shida ban ji daga gare shi ba. Madam Odile tana tambayata layin kullum, ina cewa bai kammala ba, fuskarta tana ƙara ɗaurewa. Na ƙirga kwanakin da suka rage wa takardar zamana. Na duba yadda ake komawa gida da kaya. Ban gaya wa Inna ba.

A rana ta bakwai, muna biro, ofishin Madam Odile, da ƙarfe goma, ya shigo da sandarsa. Bai gaishe da kowa ba. Ya sa aka sauko masa da jaridar daga bango, ya ajiye ta a teburin Madam Odile, ya juyo ya ce mini: "Ba ni takardarki ta Paris." Ya jera su gefe da gefe, ya ja kujera, ya gaya mata komai. Ta yi ja, ta yi fari. Da ya fita ta ce mini: "Kin ɓata mana biki." Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba.

An yi bikin ranar Asabar da ta wuce. Sunansa ba ya cikin jerin lambobi. A gefen allon an rataye takardun biyu cikin gilashi ɗaya, jaridar a sama, ta alƙalai a ƙasa. Shi ya yaye ƙyallen kamar yadda aka tsara. Sannan ya karɓi makirfo ya ba da labarin tun daga jirgin ƙasa har tasha, bai rage komai ba. Da ya zo ƙofa ta goma sha ɗaya ya ɗaga gwiwar hannunsa sama, ya bar ta a nan. Ɗakin ya yi tsit. Ni ina can baya.

Sai wata tsohuwar ɗalibarsa, ita ma ta yi furfura, ta ɗaga murya daga tsakiyar jama'a: "Ashe shi ya sa in muka taɓa sanda kake yi kamar za ka cinye mu ɗanye!"

Ɗakin ya fashe da dariya. Na runtse ido, don na san irin dariyar nan, na ji ta a zaurenmu. Da na buɗe sai na ga shi ma yana yi, har yana share hawaye da bayan hannu. Washegari da za a fita tsere na ga masu tuƙi sun bi layi suna taɓa kusurwar sabon katakon. Ranar Litinin Madam Odile ta sa hannu a kontirata. Ta ce in duba mata sauran hotunan da ke bango, amma don Allah a hankali.

Baba, tagulla ce. Ba zan ce maka ba ita ba ce, kai ma ba za ka so in ce ba. Ba wannan nake neman gafara a kai ba. Ina neman gafarar tiren da ban ajiye ba, da salular da na miƙa maka a gaban Alhaji Mamman. Da na tsaya bakin ƙofa na minti biyar, da na ji labarin ƙusa da garwashi daga bakinka, da muryarka, da yadda kake ture hula in labari ya yi daɗi. Da dare ya yi sai in same ka kai kaɗai in gaya maka, na san kuma da ka ce mini madalla. Na ba baƙo minti arba'in a garejinsa. Kai ban ba ka biyar ba.

Ina da wani littafi da nake rubuta abin da na tabbatar. A shafin 1972 na rubuta: Nijar, dambe, tagulla. A ƙasa na ƙara: ranar da rediyon Issufu ta yi magana. Hujja ɗaya gare ni a kan wannan layin, bakin Gwaggo. Na bar shi haka.

Agogonka yana aiki, ina ba shi wani, ina murɗa shi kowace safiya yadda ka nuna mini. Ranar Lahadi za a mayar da agogon ƙasar nan baya da awa ɗaya, lokacin Lyon zai koma daidai da na Damagaram. In na idar da la'asar zan zauna, ba salula a hannuna, in ba kaina labarin daga farko, ba zan katse ba.

Allah Ya jiƙan ka, Baba. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata shi, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa hannun nan da ya tayar da matacciyar rediyo ya karɓi littafinsa ta dama. Allah Ya jiƙan Kaka da ya kama hannun. Ya ba Inna lafiya, Ya saka wa Gwaggo da alheri. Ni kuma Ya koya mini jira. Ya haɗa mu a inda zan zauna kusa da kai in ji sauran da bakinka. Amin.

Ɗiyarka mai neman yafiyarka,
Fassuma
Lyon, watan Oktoba